S.F. Sorrow: tambayoyi da amsoshi kan faifan da Ingila ta yi wa kallon hadarin kaji

Duk lokacin da hirar tsofaffin kaɗe-kaɗen Turawa ta taso na ambaci S.F. Sorrow, sai a yi shiru ana kallona. Masu son Beatles ba su san shi ba, masu son Pink Floyd ma da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, alhali gini ɗaya aka ɗauki sautinsu, kusan a lokaci ɗaya, har mutumin da ya tsaya a kan aikin ma ɗaya ne. Tambayoyin da aka saba yi mini ne na tara a nan, na amsa gwargwadon abin da na sani.

Wane faifai ne wannan, su wa suka yi shi?

Kundin waƙoƙi ne irin na kiɗan saikadelik, na wata ƙungiyar makaɗan Landan mai suna The Pretty Things, shi ne na 4 a jerin faya-fayansu. Ya fito a watan Disamban 1968 ƙarƙashin tambarin Columbia na kamfanin EMI. Waƙoƙi 13 ne a ciki, 6 a fuskar farko ta faifan garmaho, 7 a ta biyu, duka-duka minti 41 ko kusa da haka. Abin da ya bambanta shi da yawancin faya-fayan zamaninsa shi ne, waƙoƙin ba a warwatse suke ba. Labari ɗaya suke bayarwa daga farko har ƙarshe, na wani bawan Allah mai suna Sebastian F. Sorrow, tun daga ranar haihuwarsa zuwa tsufansa. Sunan nasa ma da gangan aka zaɓa, domin ma’anarsa baƙin ciki.

Me ake nufi da kiɗan saikadelik?

Kalmar ba daga makaɗa ta fito ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Humphry Osmond, ne ya ƙirƙire ta a tsakiyar shekarun 1950 don siffanta magungunan da ke juya tunanin mutum, su sa ya ga launuka da siffofin da babu su, musamman ƙwayar LSD. Da ƙwayar ta shiga hannun samarin Landan da San Francisco wajen 1965 da 1966, sai makaɗa suka fara neman hanyar da sauti zai kwaikwayi wannan yanayi. Ana juya zaren rikoda ya yi tafiyar baya, ana sa murya ta yi amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya, ana shigo da sitar, wani irin molo na Indiya, ana barin waƙa ta sauya gudu a tsakiyarta ba sallama.

Na Ingila da na Amurka ba ɗaya suke ba. Na Amurka ya fi son doguwar jita da ba ta ƙarewa, a bar makaɗi ya yi ta yawo minti 10 ko 20. Na Ingila ya fi gajarta, ya fi son tatsuniya, da ƙuruciya, da tunanin kakanni da shan shayin la’asar, kamar dai yaro na mafarki. S.F. Sorrow ya ɗauki kayan aikin na Ingila amma ya ƙi ɗaukar fara’arsa. A 1967 kowa na waƙar furanni da soyayya. Su kuwa suka zo da masana’anta, da yaƙi, da gobara, da mutuwa.

Su waye The Pretty Things kafin su yi wannan faifan?

Mutum biyu ne ƙashin bayan ƙungiyar: Phil May mai waƙa, da Dick Taylor mai jita, dukansu ’yan Dartford da ke gefen Landan. Taylor abokin ƙuruciyar Mick Jagger da Keith Richards na Rolling Stones ne, kuma shi ya fara riƙe jitar bas a Rolling Stones a 1962, kafin ya ajiye ya koma karatun zane-zane. A makarantar zane ta Sidcup ya san May, suka kafa tasu ƙungiyar a 1963, suka ari sunan daga wata waƙar Bo Diddley, mawaƙin nan baƙar fata ɗan Amurka da suke bi sau da ƙafa.

Sunan na nufin kyawawan abubuwa, amma ba’a ce. Idan iyayen Ingila na ganin Rolling Stones ’yan iska ne, to waɗannan gaba da gabanta. May ya tara gashin da ake cewa babu namijin da ya kai shi tsawo a Birtaniya, kiɗansu kuma ɗanye ne, mai kaushi. Waƙarsu “Don’t Bring Me Down” ta kai mataki na 10 a jadawalin waɗanda suka fi kasuwa a Birtaniya a 1964, faifansu na farko ya kai na 6 a 1965. A shekarar ce suka je New Zealand, inda mai gangarsu na lokacin, Viv Prince, ya yi ta tsula tsiya har maganar ta kai majalisar dokokin ƙasar. Amurka kuwa, inda kuɗin yake, ba su taka ta ba a duk shekarun 1960. Wannan kuskuren ya bi su har tsufa.

To me ya kai masu irin wannan kiɗan ga yin dogon labari?

Tsatsa ta fara kama su. Zuwa 1967 waƙoƙinsu sun daina shiga jadawali, faifansu na 3 kuma kamfanin Fontana ya lafta masa goge da kakaki ba da son ransu ba. Suka bar Fontana suka koma EMI, tare da sababbin mutum biyu da suka ɗauko tun kafin nan, Wally Waller mai bas da Jon Povey mai madannai, waɗanda suka iya haɗa murya. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ya canza komai, domin rabin daɗin S.F. Sorrow a amshin yake.

Gwajinsu na farko shi ne “Defecting Grey” a Nuwamban 1967, waƙa ɗaya mai ɗauke da kiɗa kusan iri huɗu da aka ɗinke da juna. Ba ta sayu ba. Maimakon su ja da baya, sai suka ƙara nitsawa. May ya sha faɗa cewa ya gaji da faifan da za a tara waƙoƙi 12 da ba ruwan wata da wata, alhali masu opera na ƙarnin baya sun daɗe suna ba da labari guda da kiɗa. Yana da wani gajeren labari da ya rubuta, sai aka ɗora waƙoƙin a kansa. Zanen bangon faifan ma shi ya yi da hannunsa.

Mene ne labarin?

An haifi Sebastian a gida mai lamba 3 a wani gari da ba a faɗi sunansa ba, garin da kowa ke cin abinci daga masana’anta ɗaya, wadda labarin ya kira masana’antar ƙunci. Ya taso yaro mai yawan tunani, ya balaga, ya bi mahaifinsa aiki a daidai lokacin da ake sallamar wasu, don haka tun daga ranar farko ba a yi maraba da shi ba. Haskensa ɗaya ita ce yarinyar maƙwabta da ke gaishe shi kowace safiya. “She Says Good Morning” ke nan, kuma ita ce waƙa mafi walwala a faifan gaba ɗaya. Wanda zai saurara ya more ta, don daga nan babu sauran dariya.

An sa musu rana, sai yaƙi ya tashi aka ɗebe shi soja. A “Private Sorrow” za ka ji sarewa mai daɗi da ganga irin ta fareti, har ka fara gyaɗa kai, sai can ƙarshe wata murya ta shigo tana karanta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda suka ɓata, ɗaya bayan ɗaya, babu tausayi babu hanzari, kamar mai karanta rajistar aji. Ba a faɗi wane yaƙi ba ne. Siffar ta yaƙin duniya na farko ce, amma a 1968 duk wanda ya ji zai tuna Vietnam. May kansa an haife shi a 1944, ana tsaka da yaƙin duniya na biyu.

Bayan yaƙi ya samu kansa a wata ƙasa da aka kira Amerik. Ya aika wa budurwarsa tikiti ta biyo shi a jirgin balan-balan mai suna Windenberg. Yana tsaye a fili yana ɗaga kai, jirgin ya iso, ya kama da wuta a gaban idonsa. An ɗauko wannan ne daga hatsarin Hindenburg na Jamus, wanda ya ƙone a Lakehurst ta jihar New Jersey ranar 6 ga Mayun 1937, mutum 36 suka mutu. “Balloon Burning” gudu take yi ba birki, jitar Taylor na maimaita layi ɗaya kamar ƙararrawar motar kashe gobara. Daga nan sai “Death”, a hankali, da nauyi, da sitar na kuka a ƙasa. Allura ta kai ƙarshe, sai ka tashi ka juya faifai.

Fuska ta biyu ba a duniyar zahiri take ba. Sebastian na gararamba a titi sai ya gamu da Baron Saturday, wanda ya ari idanunsa ba tare da neman izini ba, ya ja shi wata tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, ta cikin ɗakin madubai inda yake ganin guntu-guntun rayuwarsa, har zuwa rijiyar ƙaddara. Da ya dawo bai dawo da hikima ba, ya dawo ne da tabbacin cewa babu wanda za a amince wa. Ya tsufa, ya gina katanga tsakaninsa da mutane. Waƙar ƙarshe, “Loneliest Person”, jita ɗaya ce da murya ɗaya, minti ɗaya da rabi, shi ke nan.

Abin da na fi girmamawa shi ne ba su yi wa mai sauraro alfarma ba. Labaran irin wannan tafiyar, bisa al’ada, gwarzo kan dawo da waraka. Nan babu.

Wane ne Baron Saturday?

An aro shi ne daga Baron Samedi, ɗaya daga cikin iskokin addinin Vodou na ƙasar Haiti, mai kula da maƙabarta da mashigar lahira a wajen mabiyansa, wanda ake zanawa da doguwar hula da baƙar kwat. Samedi Asabar ce da Faransanci, sai suka mayar da ita Turanci. Addinin kansa tushensa Afirka, bayin da aka kwasa daga Dahomey da ƙasar Yarbawa da Kongo ne suka tafi da shi. A faifan, Dick Taylor ne ya ɗauki muryar Baron, da wata irin izgilanci a maƙogwaro, kuma a tsakiyar waƙar komai na tsayawa a bar ganguna kaɗai su yi ta dambe da juna. A ganina nan ne ƙololuwar faifan.

Yaya aka ɗauki sautin?

A sutudiyon EMI da ke titin Abbey Road, a tsinke-tsinke, daga ƙarshen 1967 zuwa Satumban 1968. Furodusan shi ne Norman Smith, wanda ya yi wa Beatles injiniyan sauti tun daga 1962 har 1965, sannan ya yi furodusan faifan Pink Floyd na farko a 1967. ’Yan ƙungiyar na kiransa mutum na shida a cikinsu, domin shi ya tsaya musu a gaban manyan kamfanin da ba su gane abin da ake yi ba. Injiniya Peter Mew ne ya riƙe na’ura.

Yau yaro mai kwamfuta a ɗakinsa na iya jera layin sauti 100. Su a mafi yawan aikin na’ura mai layi 4 suke da ita. Idan layukan suka cika, sai a haɗe su a juye kan wani zaren a matsayin layi ɗaya ko biyu, a samu gurbi, a ƙara wani abu, a sake juyewa. Kowace juyewa na rage tsaftar sauti, kuma abin da aka haɗe ya haɗu ke nan, ba gyara. Shi ya sa sautin faifan yake a cunkushe, kamar tuwon da aka tuƙa da ƙarfi. Wasu na ganin hakan aibu ne. Ni ina ganin ya dace da labarin mutumin da duniya ta matse.

Kuɗin da aka ware musu, kamar yadda ake faɗa, wajen fam 3,000 ne, yayin da faifan Beatles na 1967 ya ci kusan fam 25,000. Talauci ya sa dabara. Sun yi amfani da Mellotron, wata na’ura mai madannai da kowane maɓalli ke kunna guntun zare mai ɗauke da sautin goge ko sarewa, don ba su da kuɗin hayar makaɗa. Sitar ɗin kuwa, su da bakinsu suka ce ta George Harrison ce da suka tarar a ajiye a ginin suka ara. Don su ci abinci a tsakani, suna yi wa kamfanin De Wolfe kaɗe-kaɗen fina-finai da wani sunan aro, Electric Banana.

Ana wata ga wata: aiki na tsaka sai mai ganga Skip Alan ya tattara ya tafi Faransa wajen masoyiyarsa. Aka ɗauko John Alder, wanda ake kira Twink, daga ƙungiyar Tomorrow, ya ƙarasa.

In har yana da kyau haka, me ya hana shi kasuwa?

Abubuwa sun taru sun yi masa taron dangi.

Na farko lokaci. A ranar 22 ga Nuwamban 1968 Beatles suka saki farin faifansu mai ɗauke da waƙoƙi 30, a farkon Disamba Rolling Stones suka saki nasu. Matashin da ya tara kuɗin faifai ɗaya na Kirsimeti, wanne zai saya? Ko The Kinks, waɗanda suka fi Pretty Things suna nesa ba kusa ba, sun saki faifai a wannan tsakanin ya nutse. Beatles kuma ’yan gida ne a EMI, don haka ba sai an faɗi inda hankalin ’yan talla ya karkata ba. S.F. Sorrow ko leƙa jadawalin Birtaniya bai yi ba.

Sannan yayi ya riga ya juya. Saikadelik ya yi tashensa a 1967. Zuwa ƙarshen 1968 manyan makaɗa sun fara komawa ga kiɗa mai sauƙi, wasu kuma sun nufi mai nauyi irin na Led Zeppelin da ke shirin fitowa. Faifan da aka fara a kan ganiyar yayi ya fito bayan an tashi kasuwa.

Akwai kuma matsalar dandali. Abin da aka gina da juye-juyen zare ba ya kaɗuwa da mutum biyar a gaban jama’a da kayan wancan zamanin. Sun gwada a Landan, suka kunna zare suna kwaikwayon labarin da motsin jiki, abin bai yi armashi ba. Faifan da ba ka iya yawo da shi gari-gari, wa zai tallata maka?

Amma wadda ta fi ciwo ita ce ta Amurka. Reshen EMI na can bai ɗauke shi ba. Sai a 1969 kamfanin Motown ya fitar da shi ƙarƙashin sabon tambarinsa Rare Earth, cikin wani bango mai zagayayyen kai kamar allon kabari. Kafin nan ƙungiyar The Who sun riga sun saki Tommy, nasu faifan mai labari guda, a watan Mayun 1969, duniya ta ɗauka. Sai masu sharhi a Amurka suka ɗauki wanda ya riga fitowa a matsayin ɗan kwaikwayo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne The Who sun kwafe su?

Wannan ita ce tambayar da ba ta mutuwa. Masu cewa an kwafa na nuna farkon “Old Man Going”, inda ake kaɗa jitar katako da sauri, su ce a saurari farkon waƙar cikin Tommy mai suna “Pinball Wizard”. Kamar tana nan, kunne ba ya ƙarya. Suna kuma cewa duka labaran biyu na bin mutum ɗaya ne tun daga haihuwa, da yaƙi a bayan fage, da madubi a tsakiya. Pete Townshend, wanda ya rubuta Tommy, ya musanta cewa faifan ya yi tasiri a kansa, kuma yana da hujja: tun 1966 ya yi wata doguwar waƙa mai rassa da ke ba da labari, kafin Pretty Things su fara nasu.

Ra’ayina, tunanin yana yawo a iskar Landan a lokacin, kowa na shaƙa. Wata ƙungiyar Landan mai suna Nirvana, ba ta Amurka ta shekarun 1990 ba, ta saki faifai mai labari guda tun 1967. Don haka ko kambun “na farko” ma da sauran rina a kaba. Abin da ba a musu a kai shi ne S.F. Sorrow ya riga Tommy fita da wata 5. Kuma wannan gardamar ta cuci faifan ta wata fuska, domin ta mayar da shi amsar kacici-kacici. Mutane da yawa sun san shi a matsayin “wanda ya riga Tommy” amma ba su taɓa zama sun ji shi ba.

Bambancinsu a fili yake. A Tommy ’yan wasan labarin ne ke magana da bakinsu cikin waƙa. A S.F. Sorrow an buga labarin ne a rubuce a cikin bangon faifan, sakin layi tsakanin baitukan kowace waƙa da ta gaba, waƙoƙin kuma na ba ka abin da ke cikin zuciyar mutumin. Wanda bai ga rubutun ba zai sha wuyar bin zaren.

Ta ina zan fara saurare?

Daga farko, a jere, a zama ɗaya. Kuma a duba abin sawa a kunne tukuna. Na faɗi haka ne don abin da ya same ni. Ranar da na fara jin sa a waya, da daddare an ɗauke wuta ina kwance a tabarma a tsakar gida, kunne ɗaya na wayar sauraron ya mutu ban sani ba, ga shi kuma manhajar na tsallake-tsallake da waƙoƙi yadda ta ga dama. Sai na ji tsoho na kukan kaɗaici, daga nan aka haife shi, daga nan budurwar da ta ƙone ta fito tana gaisuwar safe. Wasu wuraren murya ta ɓace sai ganga, wasu wuraren jita ta tafi ba ta dawo ba. Na ce wannan ai shirme ne, na kashe. Sai bayan makonni, da na sayi sabuwar waya ta kunne a bakin tasha, na gane cewa a irin haɗin sautin wancan zamanin akan jefa wani abu dama ɗungurungum, wani hagu, wani kuma ya riƙa ƙetarawa ta tsakiyar kanka. Rabin faifan na ji a karon farko, shi ma a birkice.

Akwai haɗin sauti iri biyu, na lasifika ɗaya da na biyu, dukansu an sake fitar da su. Na ɗaya ya fi duka a ƙirji, na biyu ya fi juya kai. Fitowar baya-bayan nan kan zo da ƙarin waƙoƙi 4 da suka fita daban a 1967 da 1968. Suna da kyau, amma ba sa cikin labarin, a tsaya a ta 13 a numfasa kafin a ci gaba.

Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba kada ya damu. Da taƙaitaccen labarin da ke sama a ka, kiɗan zai yi sauran bayanin.

Ba shi da aibu ke nan?

Yana da shi. “Well of Destiny” ba waƙa ba ce, ƙarar na’urori ce da amsa-kuwwa, kuma abin da ya ba mutane mamaki a 1968 yau ya zama kamar wasan yara. Budurwar ko suna ba a ba ta ba, an kawo ta ne kawai don ta gaishe shi ta mutu. Fuska ta biyu kuma labarin na yin sako-sako, har ka rasa me Baron ya nuna masa takamaimai da ya karya shi haka. May yana ɗan shekara 23 lokacin da ya rubuta tsufa, kuma wani lokacin hakan na nunawa.

Sai mutum ya sha wani abu zai ji daɗinsa?

A’a. Su dai sun sha, ba su ɓoye ba, kuma ƙwayar da Birtaniya ta haramta a 1966 ta lalata mutane a wannan da’irar, Syd Barrett na Pink Floyd ne misalin da kowa ke kawowa. Amma aikin juye zare sau da sau ba tare da kuskure ba aikin mai cikakken hankali ne. Shayi mai kauri ya isa.

Wannan salon ya taɓa isowa Najeriya?

Salon ya iso, ta Legas da garuruwan gabas bayan yaƙin basasa. Ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege sun fitar da faya-fayai a 1973 masu jita mai ƙara irin ta saikadelik a kan gangunan gida, kuma reshen EMI na Najeriya ne ya buga su. Jimi Hendrix da Santana da Cream ne suka fi tasiri a kansu, Ginger Baker mai gangar Cream ma ya zauna a Legas ya buɗe sutudiyo.

Ina suka ƙare?

Dick Taylor ya bar ƙungiyar a 1969, ya yi furodusan faifan Hawkwind na farko, daga baya ya dawo. Sauran suka yi Parachute a 1970, wanda masu sharhi suka yaba, shi ma bai kawo kuɗi ba. David Bowie ya sake rera waƙoƙinsu 2 na farko-farko a 1973, Led Zeppelin suka ɗauke su a tambarinsu na Swan Song a 1974. Manya sun san darajarsu, masu saye ne ba su sani ba. Sai a shekarun 1990, bayan doguwar shari’a, haƙƙin faya-fayansu ya dawo hannunsu, aka sake fitar da S.F. Sorrow yadda ya kamata.

Twink ya tafi ya kafa Pink Fairies tare da wasu. Daga baya ya musulunta, ya ɗauki sunan Mohammed Abdullah. Norman Smith ya koma waƙa da kansa da sunan Hurricane Smith, ya samu shiga jadawalin da bai iya shigar da su ba, ya rasu a 2008. Ƙungiyar ta yi wasan bankwana a Landan a Disamban 2018. Phil May ya rasu ranar 15 ga Mayun 2020 yana da shekara 75, bayan tiyatar ƙugu da aka yi masa sakamakon faɗuwa daga keke.

Kafin nan dai ya samu abin da ya gagare su a 1968. Ranar 6 ga Satumban 1998 suka koma Abbey Road, ɗaki na 2, suka kaɗa faifan daga waƙa ta 1 zuwa ta 13 a gaban ’yan gayyata kaɗan, mawaƙi Arthur Brown na karanta labarin a tsakanin waƙoƙi, David Gilmour na Pink Floyd na taya su da jita. An watsa wasan kai tsaye ta intanet, a zamanin da hoto ke zuwa yana tsayawa yana tafiya, sannan aka fitar da shi a faifai da sunan Resurrection, wato tashi bayan mutuwa.